Warin sabuwar katifa ya hana ni sukuni: shin sai na koma ta oganik?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce muka sayi sabuwar katifar soso, irin wadda ake naɗowa a matse cikin leda. Tun ranar da aka kwance ta ɗakinmu yake wani wari kamar na fenti ko na gam, kuma ina yawan tashi da safe da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro. Maigidana ya ce shi bai ji komai ba, wai tsoro ne kawai na sa wa raina. Ɗanmu mai shekara biyar yana da asma, kuma tarinsa ya fi tsananta da dare. Shi a kan tsohuwar katifarmu yake kwana, wadda ta kai shekara goma sha biyu. Ni kuma ina da cikin wata bakwai. Na karanta a intanet cewa katifun soso cike suke da guba, har suna jawo ciwon daji, hankalina ya tashi ƙwarai. Wani mai sayar da katifu ya nuna mini wata ya ce ta oganik ce, wato wai da kayan halitta da aka noma ba da sinadarai ba aka yi ta, amma kuɗinta ya ninka na tamu sau da yawa. Shin in rabu da katifun gidan duka in sayi irinta, ko da sai na ci bashi? Kuma wace iri ce ta dace da jaririn da nake jira?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya kuma ba yaron sauƙi. Kafin mu taɓa zancen katifa, akwai abu ɗaya a wasiƙarki da ba na so ya jira har ki gama karanta wannan amsa. Ciwon kai ga mace mai cikin wata bakwai ba abin da za a ɗora wa wari a wuce ba ne, domin yana daga cikin alamomin hawan jini na masu juna biyu, wanda idan aka bar shi yakan kai ga jijjiga. Ki je a auna jininki a kuma duba fitsarinki cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da ranar awonki ba ta zo ba. Idan kuwa ciwon kan ya zo da dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannaye, ko ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama, to ranar za ki tafi asibiti. Mai yiwuwa a ce miki komai lafiya, kuma haka muke fata, amma sai an kawar da wannan zargi sannan za mu iya zargin katifa da kwanciyar hankali. Haka nan ki tabbatar babu janareto ko wutar gawayi da hayaƙinsu ke shiga ɗakin kwananku, saboda akwai wata iska mai guba da suke fitarwa wadda ba ta da wari, kuma ciwon kai da safe yana cikin alamominta na farko.

Game da maigidanki, ba lallai ne ɗayanku ya yi kuskure ba. Mata da yawa kan lura cewa hancinsu ya ƙara kaifi idan suna da ciki, har warin da bai dame su ba a da ya riƙa tayar musu da zuciya. Warin da kike ji na gaske ne, kuma yana da tushe sananne.

Soson katifa daga sinadaran man fetur ake yin sa. Sunansa foliyuretan, kuma wani masanin sinadarai ɗan Jamus mai suna Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka fara haɗa shi a 1937. Ana gauraya sinadarai iri biyu masu ruwa-ruwa, su kumbura su cika da kumfa, sannan su daskare su zama soso. Ɗaya daga cikin biyun, wanda ake taƙaita sunansa da TDI, abu ne mai haɗari a ɗanyensa, kuma an san yana jawo asma ga ma'aikatan masana'antar da ke shaƙar sa. Daga nan ne yawancin labaran tsoro na intanet suke samo asali. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, a lokacin haɗawa wannan sinadari yakan narke cikin ɗan'uwansa ya zama wani abu dabam, ta yadda haɗarin da ke kan mai aiki a masana'anta ba shi ne ke kan mai kwana a katifa ba. Abin da ya rage a cikin sabon soso shi ne burbushin sinadarai masu saurin tashi cikin iska, daga soson kansa da gam ɗin da aka manne sassan katifar da shi. Katifar da aka matse aka rufe a leda tun daga masana'anta ba ta samu damar fitar da su ba sai a ɗakinki, shi ya sa warinta ya fi na wadda ta daɗe a buɗe a wurin sayarwa. Fitar tasu ta fi yawa a kwanakin farko, sannan ta riƙa raguwa da sauri, ko da yake hanci mai kaifi kan iya jin saura har bayan makonni.

Shin waɗannan sinadarai suna cutarwa? A 2019 masu bincike a jami'ar Technion ta Isra'ila sun gwada katifun soso iri takwas a yanayin da ya yi kama da na mai barci, suka gano cewa ɗumin jikin mutum yana ƙara yawan abin da katifa ke fitarwa. Duk da haka adadin da suka auna ya kasance ƙasa da matakin da ake ɗauka mai haɗari ga manya, sai dai sun nuna damuwa game da jarirai da ƙananan yara, waɗanda ke daɗewa a kwance kuma fuskarsu na dab da katifa. A 2025 kuma wasu masu bincike a jami'ar Toronto ta Kanada sun auna iskar ɗakunan kwana na yara 25, suka kuma gwada sababbin katifun yara 16, inda suka samu sinadaran da ke tausasa leda da na hana kamawar wuta, kuma ɗumi da nauyin jiki suna ƙara fitar da su. Ma'anar waɗannan a wurina ita ce, damuwarki tana da hujja, musamman a kan jariri, amma hujjar ba ta kai inda rubuce-rubucen intanet suka kai ta ba. Ƙaiƙayin ido da maƙogwaro da ciwon kai daga warin sabon soso abu ne da ke faruwa ga wasu mutane, kuma yana wucewa idan warin ya tafi. Maganar cewa kwana a kan katifar soso na jawo ciwon daji kuwa, ba abu ne da bincike ya tabbatar ba. Gaskiya ne cewa ana samun ɗan burbushin sinadarin fomaldihaid a abin da wasu katifu ke fitarwa, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu jawo cutar tun 2004, amma cutarwar kowane sinadari tana tafiya ne da yawan abin da ya shiga jiki da tsawon lokacin da aka yi ana shaƙa, kuma a gidaje da yawa kabad ɗin katakon matse da sabon fenti da hayaƙin taba sun fi katifa fitar da shi.

Saboda haka kada ki zubar da sabuwar katifar. Ki sa a fitar da ita daga ɗakin kwana zuwa wuri mai iska da inuwa, a cire mata zanin gado da duk wata ledar da ta zo da ita, a jingine ta a tsaye domin iska ta bi ta fuska biyu, a bar ta haka mako ɗaya ko biyu. Idan babu wurin fitar da ita, a buɗe tagogi a kunna fanka ta riƙa kora iskar ɗakin zuwa waje, ke kuma ki koma wani ɗakin na ɗan lokaci. Kada a shanya soso a tsakar rana mai zafi na tsawon kwanaki, domin hasken rana yana sa shi ya yi rawaya ya fara marmashewa. Kada kuma a fesa turare ko abin ƙamsasa ɗaki don a danne warin, saboda hakan ƙarin sinadarai ne a kan waɗanda ake ƙoƙarin kora, kuma yana iya tayar wa yaronki da asma. Komawarki wani ɗaki gwaji ne mai amfani: idan ciwon kan ya tafi bayan kwana biyu ko uku, kin samu amsa, idan kuma bai tafi ba, to ba katifar ba ce. Idan bayan wata biyu da shan iska warin yana nan da ƙarfinsa, wannan alama ce ta rashin ingancin soson, kuma kina da dalilin mayar wa wanda ya sayar muku.

Akwai wani abu game da katifun da ake naɗowa a matse wanda ya fi warin muhimmanci, amma ba a cika maganarsa ba. Soso yana cin wuta da sauri, kuma hayaƙinsa mai kisa ne, shi ya sa ƙasashe da dama suka kafa dokokin da ke tilasta a ba shi kariya. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa tata ƙa'idar a 1975, Birtaniya ta yi tata dokar a 1988, kuma tun 2007 duk katifar da za a sayar a Amurka sai ta ci gwajin harshen wuta. Shekaru da yawa masana'antu sun riƙa cika waɗannan sharuɗɗa ta hanyar zuba sinadarai cikin soso, har aka gano cewa wani rukuni daga cikinsu, mai suna PBDE, yana taruwa a jikin mutum da ruwan nono, kuma ana danganta shi da matsalar sinadaran jiki na maƙoshi da ci gaban ƙwaƙwalwar yara. An daina yin nau'insa da aka fi sa wa soso a Amurka a ƙarshen 2004, sannan Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a kan sinadarai masu haɗari, ta sa shi cikin haramtattun sinadarai a 2009. Daga baya masu yin katifa masu araha da yawa suka koma sa wa soson wata riga ta ciki da aka saƙa da zaren gilashi. Muddin rigar waje tana rufe kuma ba ta yage ba, zaren yana zaune a wurinsa. Matsalar tana zuwa ne ranar da uwar gida ta ga zif a gefen katifa, ta zuge ta cire rigar don ta wanke, sai ƙananan zaruruwa masu ƙyalli su bazu cikin ɗaki, su shiga tufafi da labule, su jawo ƙaiƙayin fata da jan ido da tari, kuma share su aiki ne mai wuyar gaske. Abin ya kai Kalifoniya ta yi dokar hana sayar da katifu masu zaren gilashi daga farkon 2027. Don haka ki duba ƙyallen bayanin da aka ɗinka a gefen katifarku. Idan an ambaci zaren gilashi, ko an rubuta gargaɗin kada a cire rigar, ki bar zif ɗin yadda yake, ki sayi wata rigar kariya ki ɗora a kai, ita ce za ki riƙa cirewa kina wankewa.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki. Hankalinki duka yana kan sabuwar katifa, alhali yaron da ke tari da dare a kan ta shekara goma sha biyu yake kwana. Ni ita na fi zargi. Tsohuwar katifa ta daɗe da gama fitar da warin masana'anta, amma ta tara wani abu dabam: gumi, da ɓawon fatar da jiki ke zubarwa kullum, da wasu ƙananan ƙwari na ƙura, dangin kaska da gizo-gizo, waɗanda girman kowannensu bai kai rabin milimita ba, don haka ido ba ya ganin su. Ba sa cizo kamar kuɗin cizo. Abincinsu ɓawon fata ne, suna son ɗumi da danshi, kuma kashinsu da gawarwakinsu suna daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da atishawa da toshewar hanci a cikin gida. Yaro yana juyi, ƙurar tana tashi dab da hancinsa har gari ya waye. Ki je ɗakinsa da rana ki cire zanin gadon, ki ɗaga katifar ki dubi ƙasanta. Idan kin ga ɗigo-ɗigon baƙi ko toka-toka, ko kin ji warin rima, fumfuna ce. Idan kin ga garin soso mai launin rawaya a kan katakon gadon, soson ya fara ruɓewa. Ki ɗora sanda miƙaƙƙiya a kanta ta kwance, ki ga ko tsakiyarta ta lotsa har hannunki na iya shiga ƙarƙashin sandar. Duk wadda ta nuna fumfuna ko marmashewa ta gama aiki, ba ta wankuwa kuma ba ta gyaruwa. Yawanci ana ƙiyasta rayuwar katifa tsakanin shekara 7 zuwa 10, taku kuwa ta wuce nan. Idan akwai katifar da ya kamata kuɗinku ya fara tafiya wajen sauya ta, to ita ce.

Sauya ta kaɗai ba zai warkar da asma ba, kuma ba na so ki sa ran haka. Asma takan tsananta da dare ko da a ɗaki mai tsafta, kuma yaron da tari ke tayarwa daga barci a kai a kai yana nuna cewa maganinsa na buƙatar likita ya sake dubawa, wataƙila a ƙara masa na shaƙa na kullum, ko a gyara yadda yake shaƙar wanda yake da shi. Ki kai shi, ki kuma tambaya ko za a iya yi masa gwajin alaji don a san ko ƙwarin ƙura ne ke damun sa. Idan su ne, abin da ke taimakawa shi ne haɗa matakai da yawa lokaci guda: rigar katifa da ta matashi mai matsattsiyar saƙa wadda ke rufe ko'ina da zif, wanke zanin gado kowane mako da ruwa mai zafin digiri 60, busar da shi sarai, rage kayan wasa masu gashi a kan gadon, da barin iska ta riƙa ratsa ɗakin. Binciken da aka yi a kan rigar katifa ita kaɗai bai nuna ta kawo babban sauyi ga masu asma ba, sai an haɗa ta da sauran.

To, mu zo kan ta oganik. Kayan da ake yin irin waɗannan katifu da su ba su da yawa: soson roba na asali da ake yi da madarar itacen roba, da auduga, da ulun tumaki, da zaren ɓawon kwakwa da ake haɗe shi da roba, wani lokaci da audugar rimi, sau da yawa kuma da sifirin na ƙarfe a tsakiya. Suna da fa'idodi na gaske. Soson roba na asali yana da juriya, yakan daɗe bai lotsa ba fiye da yawancin soson fetur, kuma bai cika riƙe zafi ba kamar soson nan mai lotsewa ya ɗauki siffar jiki, wanda aka fara ƙirƙira a 1966 don kujerun jiragen sama a ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta Amurka. Ulu kuwa ba ya saurin kamawa da wuta, shi ya sa masu yin katifa ke iya amfani da shi a matsayin kariya ba tare da sinadarai ko zaren gilashi ba, kuma a ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi da katifar oganik take da ita. Wanda yake da hali, ya kuma samu ta gaskiya, bai yi asarar kuɗinsa ba.

Sai dai akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai faɗa miki ba. Ƙwarin ƙura ba su damu da yadda aka noma audugar ba, suna zama cikin auduga da ulu da rimi kamar yadda suke zama cikin soso, kuma katifar auduga zalla tana shan danshi, tana dunƙulewa, tana yin fumfuna idan ba a juya ta ana shanya ta a kai a kai. Wanda ya bar soso don asmar yaro ya koma katifar auduga da ba a kula da ita, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Soson roba ma ba kai tsaye yake zuwa daga itace ba, sai an dafa madarar da farar wuta da wasu sinadarai kafin ta zama soso, yana da nasa warin a farko, yana da nauyi sosai wajen ɗagawa, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da roba. Idan a gidanku akwai wanda safar hannu ta asibiti ko balan-balan ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, to a nemi shawarar likita kafin a kawo katifar roba. Sannan akwai roba ta haɗi da ake yi da sinadaran fetur, wadda ake gaurayawa da ta asali a sayar da sunan roba kawai.

Babbar matsalar ita ce, kowa na iya rubuta oganik ko na halitta a jikin kwali. Katifa na iya zama soson fetur daga sama har ƙasa, a lulluɓe ta da ƙyallen audugar oganik, a ninka mata kuɗi. Abin da zai raba miki gaskiya da talla shi ne takardar shaida daga hukumar da ba ta mai kayan ba. Shaidar GOLS ta soson roba ce, kuma tana buƙatar aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ɗanyen kayan ya zama robar oganik. Shaidar GOTS ta auduga da ulu da sauran zaruruwa ce, ita ma kashi 95 take nema kafin a kira abu oganik, da kashi 70 kafin a ce an yi shi da kayan oganik. Kowace shaida tana da lambar lasisi da za a iya bincikawa, don haka ki nemi lambar, ki kuma tambaya ko shaidar ta shafi katifar gaba ɗaya ne ko ƙyallen sama kaɗai. Ki sa a faɗa miki abin da ke ciki hawa-hawa, da abin da aka yi kariyar wuta da shi, da ko an manne sassan da gam ne ko ɗinke su aka yi. Mai kaya na gaskiya yana da waɗannan amsoshi a hannu. Wanda ya fara kame-kame yana cewa ai daga waje aka kawo ta, ki bar masa kayansa.

Tsakanin soso marar shaida da katifar oganik mai tsada akwai matsakaiciyar hanya, kuma ita nake ba ki shawara a halin da kike ciki. Akwai shaidu irin su CertiPUR da OEKO-TEX da GREENGUARD Gold, waɗanda ba sa cewa abu oganik ne, amma suna nuna an gwada shi an ga abin da yake fitarwa bai wuce iyaka ba, ko kuma ba a sa masa wasu sanannun sinadarai masu cutarwa ba. Ita CertiPUR masana'antun soso ne suka kafa ta, don haka ba na ɗaukar ta a matsayin hukunci na ƙarshe, amma ta fi babu nesa ba kusa ba. Katifa mai sifirin wadda sosonta kaɗan ne ita ma tana rage yawan abin da ake shaƙa, kuma iska na ratsa ta. Ko wacce kika zaɓa wa yaron, a ɗora ta a kan gado mai tsagin katako domin ƙasanta ya riƙa shan iska, saboda katifar da aka shimfiɗa a daɓe ko a kan leda tana tara gumi a ƙasa, kuma daga nan fumfuna ke farawa. Bashi kuwa, ba na ganin hujjar cin sa a kan wannan, ga haihuwa na tafe da nata ɗawainiyar.

Ga jaririn, ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ba ta sinadarai ba ce. Katifarsa ta kasance mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda idan kin danna da tafin hannu ta dawo nan take ba tare da ta bar shaidar hannun ba, kuma ta cika gadonsa ta yadda yatsu fiye da biyu ba za su shiga tsakaninta da katakon ba. Jariri ba ya iya ɗaga kansa idan fuskarsa ta nutse, don haka soso mai lotsewa, da katifar auduga ko rimi mai laushi, da fatar tunkiya mai gashi, duk ba su dace da shi ba komai tsaftar asalinsu. A kwantar da shi a rigingine duk lokacin barci, ba matashi, ba bargo mai kauri, ba kayan wasa a gadon. Tun da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara ba da shawarar daina kwantar da jarirai rub da ciki a 1992, da yaƙin wayar da kai da ya biyo baya, mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu ƙwarai a ƙasar. Za ki iya cin karo da rubutun da ke cewa iskar guba daga katifa ce ke jawo irin wannan mutuwa. Wani kwamitin masana da gwamnatin Birtaniya ta kafa ya binciki zancen, ya kuma bayyana a 1998 cewa bai samu hujjar da ta goyi bayansa ba.

Da yake katifar jariri ƙarama ce, nan ne kuɗin oganik zai fi yi miki sauƙi kuma ya fi amfani, idan kin samu mai tauri mai shaidar da na ambata. Idan ba ki samu ba, ta soso mai tauri mai shaidar gwaji ta wadatar. Sabuwa ta fi wadda wani jariri ya yi amfani da ita a wani gida, domin ba ki san yadda aka adana ta ba. Tana buƙatar rufi marar shan ruwa saboda fitsari da tumbuɗi, amma ki guji na leda mai ƙarfin wari irin ta PVC, wadda ita ce aka fi sa wa sinadaran tausasawa da binciken Toronto ya ambata. Ki saye ta yanzu, tun da sauran kimanin wata biyu, ki yage ledar da aka naɗo ta ciki ki zubar, ki jingine ta a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga ta yi ta shan iska har ranar da za a buƙace ta, sannan ki wanke zanin da za a shimfiɗa mata kafin a fara amfani da shi.